Ɗalibaina a Maraɗi ba sa son Ingilishi, ina mafita?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin Ingilishi ne daga jihar Katsina, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. An ba ni ajin 4e da ajin 3e, wato shekara ta uku da ta huɗu ta kwaleji, kowane aji ɗalibai wajen 70, awa 4 a mako. Yaran nan ba sa so. Ina bayani wasu na barci, wasu na kwafar aikin lissafi a ƙarƙashin benci, in na yi tambaya sai a yi tsit. Wani ya ce mini a gaban aji, "Mushe (wato Monsieur, Malam), mu Hausa da Faransanci sun ishe mu." Na yi faɗa, na sa durƙuso, na hana Hausa a aji, ba abin da ya canza. Faransancina kaɗan ne. Mai makaranta kuma ya ce sakamakon BEPC, jarrabawar kammala kwaleji da 'yan 3e ke yi, shi ne zai nuna ko za a sabunta mini kwantiragi. Har na fara tunanin haɗa kayana. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka haɗa kaya tukuna. Abin da kake gani kamar rashin so, mafi yawansa rashin ganewa ne da ya daɗe yana taruwa. Yaran nan a ajin 6e, shekarar farko ta kwaleji, suka fara Ingilishi. Wanda zaren ya kuɓuce masa tun a zangon farko, yau shekara biyu ko uku ke nan yana zaune awa huɗu a mako yana jin magana da ba ta da ma'ana a kunnensa. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 gara ya ce "ba na so" a gaban abokansa da ya ce "ban iya ba", domin na farkon ba ya taɓa mutuncinsa. Faɗa da durƙuso ba sa cike wannan giɓi, shi ya sa ba ka ga canji ba.

Akwai kuma abin da ka taho da shi daga gida ba tare da ka lura ba. A Najeriya da Ingilishi ake koyar da sauran darussan sakandare, yana jikin allunan talla da takardun ofis, kuma wanda bai ci shi da kiredit ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Wannan matsin shi ne ke yi wa malami rabin aikinsa. A Maraɗi Faransanci ne ke wannan matsayi, Ingilishi darasi ne guda cikin darussa, da an kaɗa ƙararrawa ya ƙare sai wani jiƙon. Saboda haka salon rubuta ma'anar suna da aikatau a allo, a yi dogon bayani cikin Ingilishi, a ce a kwafa, an gina shi ne don yaron da ke jin harshen yini guda. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Fara da gano inda suke. A mako mai zuwa ka ware minti 20 a kowane aji, ka gaya musu da Hausa cewa wannan gwaji ba shi da maki, kuma ba zai shiga takardar sakamako ba. Ka karanta jimla biyar gajeru su rubuta, ka ba su kalma 30 daga littafin 6e su faɗi ma'ana da kowane harshe suka ga dama, sannan sakin layi ɗaya mai layi shida da tambaya biyar. A bayan takardar su amsa tambaya biyu ba tare da tsoro ba: a wane aji suka daina gane Ingilishi, kuma wane aiki suke son yi nan gaba. Ka bar su su rubuta da Faransanci ko Hausa. Da yawansu ba a koya musu ƙa'idar rubutun Hausa ba, za su rubuta ta da haruffan Faransanci, kada ka gyara, karanta kawai. In ka raba takardun za ka ga sun kasu uku: kaɗan da ke daidai da ajinsu kuma sun gaji da jira, tarin jama'a a tsakiya da ke matakin 6e ko 5e, da wasu a ƙasa waɗanda karatun kansa, ko da Faransanci, yana ba su wuya. Darasinka na kullum na mutanen tsakiya ne. Na sama ka mai da su shugabannin benci, na ƙasa ka matso da su layin gaba kusa da allo.

Masu barci kuwa ka duba jadawali kafin ka yanke hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, yaron da ya fito ba kari ya zauna ƙarƙashin kwano da tsakar rana zai yi gyangyaɗi ko a darasin da ya fi so. In awanninka sun faɗo a ƙarshen yini, roƙi a mayar maka da ko biyu zuwa safe. In bai yiwu ba, ka sa aikin baki da tashi tsaye a waɗannan awannin, rubutu da karatu a na safe.

Dokar hana Hausa ka janye ta. Kai ne baƙon malamin da ya yi sa'a: harshenka na gida shi ne harshen mafi yawan ɗalibanka, abin da malami a Chaina ko Turkiyya ba shi da shi. Amma a yi amfani da ita da ƙa'ida. Hausa tana da wuri uku: bayanin yadda za a yi sabon aiki karon farko, ma'anar kalmar da ba a iya nunawa da hannu ko zane, da maganar ɗa'a ko lallashi. Sauran harkar aji, gaisuwa, buɗe littafi, tashi, zauna, neman izinin fita, duk da Ingilishi, da jimloli iri ɗaya kullum har su zauna. Rubuta guda goma a kwali ka manna a bango. Inda abin ke lalacewa shi ne malami ya riƙa fassara kowace jimla da ya faɗa. Da yara sun gane fassara na tafe, sai su daina sauraron Ingilishin su jira Hausar.

Darasin farko bayan gwajin ka nuna musu dukiyar da suke da ita. Ka ce su kawo kalmomin gareji, shago da waya: mota, taya, birki, injin, batir, direba, bokiti, tebur, siminti, caja, layi, kati. Rubuta asalin kowace da Ingilishi a gefenta, allo zai cika kafin minti 15. Sannan ka juya wajen Faransanci, wanda ya ba Ingilishi dubban kalmomi: nation, information, important, possible, table, village duk rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, furuci ne ya bambanta. Yaron da ya shigo yana ganin bai san komai ba zai fita da kalma hamsin a littafinsa. Sai dai ka gargaɗe su da masu kama da juna amma ma'ana daban, domin a nan ake zubar da maki: library ba kantin littattafai ba ne, attend ba jira ba ne, actually ba "a halin yanzu" ba ne. Haka "I have 15 years" da za ka yi ta ji, daga ginin Faransanci ya fito. Sunayen haruffa ma tarko ne: abin da Faransanci ke kira i shi ne sautin sunan e a Ingilishi, g da j su ma sun yi musaya, don haka shifta takan rushe tun kafin a kai ga kalma. Minti biyar a darasi uku a jere ya isa a gyara wannan. Kai ma ka koyi Faransancin aji, kalma ɗari ko biyu, ka bar ɗalibai su gyara maka furuci. Ganin Mushe yana kuskure a gabansu bai mutu ba yana rage musu tsoron nasu kuskuren.

Yanzu lissafin lokaci, domin shi zai hana ka ɗora wa kanka abin da ba zai yiwu ba. Awa 4 a mako, in aka cire hutu, jarrabawa da ranakun da ba a yi karatu ba, da wuya ka wuce awa 100 zuwa 110 a shekara. Ƙiyasin hukumar jarrabawar Ingilishi ta Cambridge shi ne ana bukatar awa 180 zuwa 200 na koyarwa kafin a kai matakin A2, inda mutum zai iya 'yar hira kan harkokin yau da kullum, kuma wannan a yanayi mai kyau ne. Ke nan ba za ka mai da su masu zuba Ingilishi a shekara ɗaya ba, amma za ka iya ɗaga su mataki guda, kuma mataki guda ana ganinsa a maki. Hanyar da ta fi saurin biya ita ce kalmomi. Kalma 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutu na yau da kullum. Koyar da 8 zuwa 10 a kowane darasi, cikin jimla, kada ka wuce haka. A mako 25 ka kusa 900. Sharaɗin shi ne maimaici: kalmar yau ta dawo a darasi na gaba, ta dawo bayan mako, ta sake dawowa bayan wata. Wadda aka gani sau ɗaya aka wuce ta tafi. Wajen zaɓen abin karantawa kuma, binciken masana irin su Paul Nation ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya karanta shi kaɗai cikin sauƙi. In baƙin kalmomi sun wuce ɗaya cikin ashirin, yaro zai ajiye. Idan littafin aji ya fi ƙarfinsu, sake rubuta labarin da kanka a allo da kalmomi masu sauƙi, a karanta naka tukuna, sannan a buɗe na littafi.

Ga wani lissafin. Ɗalibi 70, minti 55. Ko da ba ka buɗe baki ba, in ɗaya bayan ɗaya za su yi magana, kowa bai samu minti ɗaya ba. A zahiri yara biyar ne ke amsawa, 65 na kallo, kuma mai kallo shi ne mai ciro littafin lissafi. In ka sa su bibbiyu na minti goma, kowa ya samu minti biyar. Malamai da yawa sun gwada wannan sau ɗaya, aji ya kaure da surutu, suka fasa. Dalilan rushewarsa sanannu ne. In ka ce "ku tattauna", ba abin da zai tilasta magana, sai a koma hira da Hausa. Dole ɗaya ya riƙe abin da ɗayan ba shi da shi. Misali, rubuta kayan kasuwa goma a allo, gero, shinkafa, sabulu, mai, sukari da sauransu. Na hannun dama a benci ka ba shi farashin biyar a 'yar takarda, na hagu farashin sauran biyar, kowa ya tambayi ɗan'uwansa ya cike nasa ba tare da leƙe ba. Ka lura da kuɗin: yaran da dala suke lissafi, dala ashirin ita ce one hundred francs, jaka ɗaya one thousand, don haka ka yi atisayen wannan juyi tukuna, tare da bambancin thirteen da thirty. Kafin a fara, ka gwada da ɗalibi ɗaya a gaban aji, ka bar jimlar tambaya da ta amsa a allo. Ka yanka lokaci gajere, minti uku, domin dogon lokaci shi ke haifar da wasa. Ku yi yarjejeniyar alamar tsayawa, tafi uku ko ɗaga hannu. In an gama ka kira benci biyu ko uku da ba su zata ba su faɗi abin da suka samu. Inda benci ke ɗaukar uku, na ukun ya zama mai rubutawa, a riƙa juyawa. Mata ka haɗa su da mata, za su fi sakin baki. Kuma ka sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun da wuri, don kada ƙorafin hayaniya ya riga ka zuwa ofis.

Tsarin awa ɗaya zai iya zama haka: minti 5 na bitar tsofaffin kalmomi, 10 na sabon abu guda ɗaya tak, 10 na maimaitawa da baki, aji duka, sannan layi-layi, sannan ɗaiɗai, 15 na aikin bibbiyu kashi-kashi, 10 na rubuta jimla huɗu ko biyar da kansu, sauran na dubawa. Kiran suna 70 yana cin minti bakwai, ka ba shugaban aji taswirar zama ya yi maka alama yayin da ake bita.

Abin da zai juya zukatansu ya fi komai shi ne su ga maki mai kyau da suka samu da guminsu. Duk ƙarshen mako ka yi gwajin minti biyar, tambaya goma, daga abin da aka yi a makon kaɗai, kuma ka faɗa musu tun ranar Litinin abin da zai fito. Su yi musayar takarda su duba wa juna da biro mai wani launi, kai ka karɓi goma ka sake dubawa don hana maguɗi. Yaron da bai taɓa wuce 4 bisa 20 ba, ranar da ya ga 14 zai zo mako na gaba da shiri. Kowa ya buɗe shafi a bayan littafinsa yana jera makinsa, ka riƙa yaba wanda ya ƙaru a kan na jiya, ko daga 5 zuwa 9 ne. Kada ka karanta makin waɗanda suka faɗi a bainar aji. Kada kuma ka yi kyautar maki don a so ka, yara suna ganewa, kuma daga ranar makinka ya zama banza.

Tsit ɗin da ake yi maka yana da magani. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya, kuma in aka kai uku ko fiye amsoshi suna tsawo, masu amsawa suna yawa. Yaron da zai juya tambaya daga Ingilishi zuwa Hausa ya dawo yana bukatar fiye da haka. Yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci, ka ce kowa ya faɗa wa na kusa da shi, sannan ka zaro suna daga gwangwanin da ka zuba sunayensu. In ya amsa da kuskure amma an gane nufinsa, karɓa, ka maimaita daidai, ka wuce. Gyara abin da ake koyo a ranar kaɗai. Harafin s na he goes yana cikin abubuwan da ke daɗewa ba su zauna ba a bakin kowane mai koyo, haka rikicin p da f da muka sani a bakin Bahaushe, tsayawa a kansu kowane lokaci kashe gwiwa ne. Doka ɗaya ce ba sassauci a kanta: ba a yi wa mai kuskure dariya. Dariya ɗaya tana iya rufe bakin yarinya har ƙarshen shekara.

Shi kuma yaron da ya ce Hausa da Faransanci sun ishe su, kada ka ɗauke shi mara kunya, ya faɗi rabin gaskiya. Kada ka ce masa zai bukaci Ingilishi a Jibiya ko Kantin Kwari, ya san ƙarya ne, iyayensa da Hausa suke ciniki a can. Gaya masa inda Hausa da Faransanci ke tsayawa: Legas, Akara, Dubai, odar kaya daga Chaina, takardar da ke cikin kwalin magani ko injin da aka shigo da shi, karatu a jami'o'in Najeriya da Gana, aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ka faɗi wannan sau ɗaya, a taƙaice. Wa'azin amfanin Ingilishi kowace safiya ba ya motsa ɗan shekara 14. Abin da ya fi shi ne ka ɗauko amsoshin da suka rubuta game da aikin da suke so, ka gina misalanka a kansu, kuma sau ɗaya a zango ka gayyato ɗan gari, ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar jinya da ke cin abinci da harshen, ya yi musu minti 15 da Hausa.

Durƙuso da duk wani horo na jiki ka bar shi gaba ɗaya. Kai baƙo ne, ƙorafin uba ɗaya ya isa ya taɓa aikinka, kuma yaron da ka durƙusar ya samu abin da yake so, wato hutu daga darasi. Nemi dokokin makarantar a rubuce, ka san matakin da ke hannunka da wanda ke hannun mai kula da ɗa'a. Masu tayar da hankali a aji da wuya su wuce huɗu ko biyar, sauran mabiya ne. Ka gana da su ɗaya-ɗaya bayan darasi, ba a gaban abokai ba, ka raba musu wurin zama, ka ba jagoransu aiki: riƙe lokaci, raba takardu, zaro suna. Littafin lissafi in ya fito, karɓa ba tare da magana ba, ka mayar a ƙarshen awa. Za a samu biyu ko uku da duk wannan ba zai taɓa su ba a bana. Abin da kake nema daga gare su shi ne kada su hana wasu.

'Yan 3e nasu da gaggawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi takardun Ingilishi na BEPC na shekara biyar da suka wuce daga abokan aikinka 'yan ƙasa, ka zauna da ɗayansu ya nuna maka yadda ake raba maki, domin ya sha bamban da WAEC da NECO da ka saba. Ƙirga nau'in tambayoyin da ke dawowa, ka ware awa ɗaya cikin huɗun nan kowane mako don su kaɗai. Koya musu kalmomin umarnin tambaya tukuna, yara da yawa suna faɗuwa ne don ba su gane abin da aka ce su yi ba. Sannan ka yi lissafi tare da su a allo, da ainihin nauyin da aka ba Ingilishi a jarrabawar: in an tashi daga 5 zuwa 11, maki nawa ya ƙaru a jimla. Ga wanda ke gab da matsakaicin 10, wannan tazarar tana iya zama ita ce tsakanin ci da faɗuwa, kuma hujja ce da masu kwafar lissafi za su gane nan take.

Batun kwantiragi kada ka jira Yuni. Da zarar ka gama gwajin farko, ɗauki takardun ka je wurin mai makaranta, ka nuna masa a rubuce inda ka tarar da yaran, ka nemi sakamakon Ingilishi na makarantar na shekara biyu ko uku da suka wuce, ku amince cewa da wannan za a auna ka. Roƙi abu biyu da ba su da tsada: izinin buga takarda ɗaya a mako, da gyaran awannin rana. Bayan mako shida ka sake ba su gwajin nan na farko, iri ɗaya, ka kai masa sakamakon biyun gefe da gefe. Ka ajiye kwafin kwantiraginka da na waɗannan takardu a wurinka, in ma a ƙarshe ka zaɓi komawa gida ko wata makaranta, su ne shaidar aikinka. Allah ya dafa maka, Malam.